Buta Goma Sha Uku

Shekarun baya, lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Talata Mafara, na taɓa naɗa kaina likita ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Yau zan ba ku labarin, tunda abin ya daɗe da wucewa, wanda ya sha wahalar ya yafe, wadda ta kama ni kuma har yanzu ba ta gaji da yi mini dariya ba.

Yayana limami ne a wani masallacin unguwa a Birnin Tudu, ta wajen Bakura. Masallacin salloli biyar ne, ba na Juma'a ba, amma mahaifinmu ya tsufa yana jan salla a cikinsa, da ya rasu aka tsayar da yayana a wurinsa. Shi ya ƙarasa rainona, shi ya goya ni a keke ya kai ni makarantar boko, a lokacin da wasu dangi suke ganin ɗan gidan malamai bai kamata ya je ba. Kowa Malam yake ce masa, har ni. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne zaman tsakanin Magariba da Isha'i. Yana sallame Magariba sai ya juyo, ya hau buzun mahaifinmu, manoman shinkafa da 'yan kasuwa su kewaye shi da littattafansu, kowa ya biya nasa karatun. Ba ya tashi sai an kira Isha'i, ya miƙe da alwalarsa ta Magariba ya ja salla.

Ciwon ya faro masa kamar atini. Gudawa da jini da majina, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. An sha sassaƙe, an sha maganin kemis, an sha rubutu, aka kwashe shekaru ana abu ɗaya. Sai a wani babban asibiti a Sakkwato aka gano gyambo ne ya mamaye babban hanjinsa, irin wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta take afka wa hanjin. Magunguna suka riƙe shi na wani lokaci, daga baya suka gaza. Ɗalibansa da mutanen gari suka yi karo-karo aka fitar da shi Masar, aka cire babban hanjin gaba ɗaya. Likitocin suka naɗe ƙarshen ƙaramin hanjin suka ɗinke shi kamar 'yar jaka, don ta riƙa tara bayan gida a madadin wanda aka cire. Malam ya sa mata suna zabira, mu ma muka bi shi da kiranta haka.

Kafin ɗinkin zabirar ya warke a fara amfani da ita, sai da ya yi wata huɗu da leda manne a gefen cikinsa, bayan gida yana fita ta nan. A waɗannan watanni bai ja salla ko sau ɗaya ba. Ya san hukuncin mai lalura sarai, shi yake karantar da shi, ya san sallarsa ta yi. Amma ya ce bai ga dalilin da zai shiga gaban masu lafiya ba alhali ga na'ibi nan. Sai ya koma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma na san yayana, na san tsayuwar nan a bakin ƙofa ta fi masa yankan wuƙar zafi.

Da aka cire ledar ya koma kan buzunsa, muka samu shekara ɗaya da rabi lafiya lau. Daga nan zabirar ta kumbura. Murɗar ciki, zazzaɓi kaɗan-kaɗan, ga kewayawa ba ƙaƙƙautawa, kuma in ta taso ba ta jira. Muka koma Sakkwato, likita ya zura 'yar na'ura mai kyamara ya duba, ya ce wannan kumburi sananne ne ga waɗanda aka yi wa irin aikin saboda irin ciwon, kuma yawanci maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati biyu yana kwantar da shi. Ya rubuta filajil. Ya yi aiki kuwa. Bayan 'yan watanni kumburin ya dawo, aka sake, ya sake dawowa aka sake. A karo na uku Malam ya ce bakinsa kamar ya kwana da ƙusa a ciki, tafin ƙafarsa kuma ya fara dindiris, in yana tafiya kamar auduga yake takawa. Likita ya ce a dakatar da shi nan take, don in an daɗe ana shan filajil yakan taɓa jijiya. Ya canza masa zuwa sifro, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

To, a nan ne ni da ilimina muka shigo.

Wa bai san sifro ba? Duk wanda ya taɓa yin taifot a ƙasar nan ya haɗiye shi. Saboda haka da na sayo, 'yar takardar nan da ake ninkewa a cusa cikin kwalin ko kallonta ban yi ba. Abin da na karanta a waya shi ya cika mini kai, cewa kindirmo yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji. Na ce shi ke nan, na gano bakin zaren. Magani ya kashe miyagun, kindirmo ya zuba nagari, a lokaci guda. Na nemo wata Bafulatana mai tsabta na yi magana da ita ta riƙa kawo kindirmo mai kyau kullum da safe. Akwai kuma wata jar ƙwaya ta ƙarin jini da aka daɗe da rubuta wa Malam, sai na ce don kada a manta da ita a haɗa ta da sifron. Na samu kwali na zana jadawali da Turanci, da jan biro da shuɗi, na kafa shi da ƙusa a bangon ɗakinsa. Farar ƙwayar sifro, jar ƙwaya, kofin kindirmo da safe. Farar ƙwaya da fura da kindirmo da yamma. Na ja da baya na kalli aikina, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Matar yayana tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. 'Yar malamai ce daga Maradun, ko rana ɗaya ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma tana karanta Larabci tana rubuta ajami, matan unguwa kuma a wurinta suke ɗaukar karatu da hantsi. Ni da ita, kun san tsakanin ƙanin miji da matar wa, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ta ce, "To, Allah ya ba mu likitan gida. Wanga rubutu duk na Malam na, ko akwai na awaki ciki?"

Na ce, "Malama, ke dai bi abin da nir rubuta, ki ga aiki."

Ta ce, "Ina biya, Likita. In ka hwaɗa min abin da kar rubuta."

Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Sati biyu suka cika, babu wani sauƙin kirki. Likita ya sa aka gwada bayan gidan ko wata ƙwayar cuta ce daban ta shiga, ba a ga komai ba. Ya ce a ci gaba da sifron na sati huɗu, in an gama mu zo. Malam yana ta ramewa. Zaman karatun da ba ya tashi, ya koma sai ya tashi sau biyu, sau uku, ya bar mutane da littattafai a buɗe. Rannan da Magariba, a raka'a ta biyu, abin ya taso masa. Ya jawo na'ibi ya tsayar a wurinsa, ya kama hancinsa ya ratsa sahu ya fita, yadda littafi ya koyar, don a zaci haɓo ne. Babu wanda ya zaci haɓo ne. Babu kuma wanda ya ɗaga kai ya kalle shi, kuma har yau ina ganin girman mutanen unguwar nan saboda wannan.

Washegari ya tara dattawan masallaci ya ce musu in azumi ya kama yana a wannan hali, to ya sauka, a tabbatar wa na'ibi limanci. Saura wata biyu ba kaɗan a lokacin. Da suka watse ya naɗe buzun mahaifinmu, ya ɗaure shi da igiya, ya miƙo mini ya ce in kai wa na'ibi ya riƙa zama a kai. Na karɓa na fito. Ina ratsa tsakar gida matarsa ta tare ni.

"Ina za ka da wanga?"

"Malam yac ce in kai ma na'ibi."

"Aje shi nan."

"Malama, shi yac ce..."

"Na ji shi yac ce. Azumi ya kama? In ya tambaya ka ce shina hannuna."

Ta karɓe, ta shige ɗakinta da shi. Malam bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ana cikin haka aka tura ni garin Kaya sa ido a jarrabawa, na yi kwana goma ban leƙa Birnin Tudu ba. Ranar da na dawo na tarar da Malam zaune a zaure, fuskarsa ta ɗan ciko, har yana yi wa wani maƙwabci bayanin rabon gado. Daɗi ya kama ni. Na shiga cikin gida ina ɗaga murya, ina cewa ai ga shi nan, kindirmo ya fara aiki, dama irin wannan abu sai an yi haƙuri. Matar yayana ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Likita, yau kwana tara ba a sha kindirmo gidan ga ba."

Ashe 'yar Bafulatanar ce ta haihu a Damaga, uwar ta tafi wankan jego. Ita kuma matar yayana ta ƙi sayen na kowa, ta ce ba ta yarda da ƙwaryar da ba ta san wankinta ba, balle ga cikin da aka yi wa aiki. Sai take ba shi farar ƙwayar da ruwa kawai.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni faɗa na kama. Na ce an karya mini tsari, na ce sauƙin da aka gani ai na kindirmon da aka sha a baya ne yake fitowa yanzu, na ce da ba a yanke ba da tuni ya warke. Bafulatanar ta dawo a satin, na mayar da jadawalina daram. Matar yayana ta kai magana wurin Malam cewa a bar kindirmon, shi kuwa ya ce, "Shi yay yi karatun abin, a bi nashi." Ta bi.

Kwana biyar, Malam ya koma gidan jiya. Ta kira ni bakin madafa, wannan karon babu wasa a fuskarta. Ta ce, "Ni dai abin da nig gani, hwarar ƙwayar ga da kindirmon ga ba su shiri."

Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo. Na yi mata bayanin cewa a kimiyya ba a yanke hukunci don abu ya faru sau ɗaya, akwai abin da ake kira dacewa, ciwo yakan lafa da kansa ya taso da kansa. Na daɗe ina magana. Ta saurara tana tsince shinkafa, da na gama ta ce, "To, kimiyya ta hi ni. Amma ni ka cika buta."

Ban gane abin da take nufi ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Ranar komawa asibiti ta ce da ita za a je. Ba ta saba zuwa ba, ni nake raka shi, don ni ne mai Turanci. Malam ya ce wahalar hanya ce kawai, ta ce ta ji, ta ɗauko mayafinta. Muka shiga mota a Mafara tun da sassafe, sau biyu muna roƙon direba ya tsaya a hanya.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko da layi ya kai ƙofa. Na zayyana masa komai da Turanci, na ce an sha magani kan lokaci, ba a tsallake ko ɗaya ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya duba takardu, ya cire tabarau, ya juya wurin Malam ya koma Hausa. Ya ce tunda filajil ya taɓa jijiya, sifro kuma ya ƙi, to akwai sauran matakai, kada a karaya. Akwai haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu na wata guda, sai dai na biyun da zai dace da Malam ba kasafai ake samunsa a nan ba, sai an aika nesa. Akwai wani mai suna budesonayid, mai kwantar da kumburi, wanda yawancin aikinsa a cikin hanjin yake tsayawa, ana shansa wajen wata biyu. In shi ma ya ƙi, akwai alluran da ake sawa ta ƙarin ruwa lokaci-lokaci, masu lallashin garkuwar jiki ta daina faɗa da hanjin. Su sai an gwada mutum tarin tibi da ciwon hanta kafin a fara, suna da tsada, kuma in an fara ba a cika dainawa da wuri ba.

Malam ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi. "In duk sunka ƙi hwa?"

Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce ba kowa ke kaiwa nan ba, amma in an kai, sai a bar zabirar a koma leda.

Malam ya kalli tafin hannunsa ya ce, "Allah shi ad da iko." Ni kuwa ƙarshen sahun nan na gani a raina, kusa da ƙofa.

Daga bayanmu, inda take zaune a kan benci, matar yayana ta ce, "Allah shi ba likita nasara, ina da magana."

Na juya zan yi mata alama ta bari, likita ya ɗaga mini hannu. Ta buɗe jakarta ta fito da kwalayen sifron da aka shanye, ta farke su ta shimfiɗe, farin cikinsu duk rubutun ajami ne da tawadar Malam, layi-layi. Ta ajiye a kan tebur ta ce, "Butar makewayinai guda ta, kuma ni kaɗai ka cika ta, don ba shi son kowa shi san halin da shike ciki. Shiga guda, buta guda. Kullum ina rubuta buta nawa nic cika, da abin da yac ci, da abin da yash sha."

Na leƙa. Ni da digirina, ajamin nan sai da ƙyar nake haɗa baƙi biyu. Likita kuwa ashe ya yi makarantar allo, ya mayar da tabarau ya bi da yatsa yana karantawa a fili. Sha uku. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu. Ya zo wani wuri ya rage sauri. Sha ɗaya, tara, takwas, bakwai, bakwai. Ya ɗago ya ce, "Nan mi af faru?"

Ta ce, "Nan mai kindirmo tat tahi Damaga."

"Jar ƙwayar ƙarin jini hwa, a kwanakin nan?"

"In babu kindirmo tana tada mai zuciya da sahe, sai nim maishe ta bayan abincin rana."

Ya ci gaba da bin layin. Tara, sha ɗaya, sha uku. Ya ce, "Nan kuma ta dawo." Ta ce ta dawo. Ya ajiye kwalin ya tambaya, a hankali, wa yake tsara wa Malam shan magani. Matar yayana ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga likitanmu nan na gida."

Likita bai yi dariya ba, kuma na gode masa. Ya yi mana bayani cewa akwai wani sinadari a cikin nono, akwai kuma ƙarfe a cikin jar ƙwayar, su biyun suna kama sifro tun a ciki su ɗaure shi, sai yawancinsa ya wuce bai yi aikin da aka aike shi ba. Ya ce sati shida ana haɗiyar magani, amma maganin bai samu filin aiki ba sai a kwana taran nan. Ya tambaya ko takardar cikin kwalin tana nan. Tana nan kuwa, matar yayana ta adana su duka a ninke, ko ɗaya ba ta yar ba. Ya warware ɗaya, ya sa yatsa a wani layi, ya miƙo mini ya ce tunda ni ne mai Turanci in karanta musu. Na karanta. An rubuta ɓaro-ɓaro kada a sha shi tare da nono ko maganin ƙarin jini, a ba da tazarar sa'o'i. Ban taɓa jin Turanci ya yi mini ɗaci a baki irin na ranar ba.

Ya ce bai yi alkawarin wannan ne kaɗai matsalar ba, amma ba zai hau mataki na gaba ba sai an ba wannan haƙƙinsa. A sake sifro, da ruwa zalla, safe da yamma. Kindirmo bai haramta ba, a sha shi da tsakar rana tare da jar ƙwayar. In Malam ya ji ciwo a agarar ƙafa a tsaya a kira shi. Ya kuma ja kunne a kan haɗin maganin gajiyar nan da manoma ke saya a kemis, ya ce irinsa yana tayar da kumburin zabira. Sannan ya nemi izini ya ɗauki hoton kwalayen da wayarsa. Ya ce mata, "Malama, abin da muke roƙon mutane su yi muna ke nan ba mu samu. Ki ci gaba da rubutawa." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta ta ce, "Ai ba wani abu na ba, buta ta."

A mota na kasa haɗa ido da kowa. Sai da muka yi nisa na ce, "Malam, ka yahe min. Ni nij ja maka wanga." Ya ce, "Ni kuwa kindirmon ya yi min daɗi. Tun da anka yi aikin ga ban sha abin da nij ji daɗinai awa shi ba." Ya yi 'yar dariya, ya ƙara da cewa, "In laihi na, nawa ya hi naka. Ta hwaɗa min, nic ce a bi na mai karatu." Matar tasa tana kallon waje ta taga. A ranar da ta fi kowace rana samun abin tsokanata, ko kalma ɗaya ba ta jefe ni da ita ba, kuma wannan ya fi komai kashe mini jiki.

Da muka isa gida ni da kaina na cire jadawalin daga bango. Daga nan kullum in na tashi daga makaranta sai in hau mashin in je, ba don in ba da umarni ba, don in ji lissafi. Ina sallama za ta ce daga madafa, "Sha ɗaya." Washegari, "Goma." Aka yi kwana biyu a tara har na fara tsorata, sai ta sauka takwas, ta sauka bakwai. Ranar da ta ce shida sai da na zauna a kan turmi. Likita ya riga ya gaya mana mai zabira ba ya komawa kamar sauran mutane, biyar ko shida a yini shi ne lafiyarsa.

Saura kwana goma sha ɗaya azumi, na je da La'asar sakaliya. Ta fito daga ɗaki da buzun, yana nan a ɗaure yadda Malam ya ɗaure shi. Ta ce, "Kai anka ba shi ka hitar, kai za ka maishe shi." Na kai masallaci kafin a kira salla, na kwance igiyar na shimfiɗa shi a gefen wurin liman. Da aka tayar da iƙama Malam ya nufi ƙarshen sahu kamar yadda ya saba a kwanakin. Na'ibi, Allah ya saka masa da alheri, ya ƙi shiga gaba. Ya tsaya ya harɗe hannu yana jira, jama'a ma suka tsaya suna jira. Malam ya daɗe a tsaye, sannan ya ratsa sahu ya wuce.

Ya sallame, ya juyo, ya ga buzun. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya matsa ya hau, ya ce wa na kusa da shi, "Ina munka tsaya?" Aka buɗe littattafai. Ni dai ban ji ko kalma ɗaya ta karatun ranar ba, fuskarsa nake kallo, ina jiran in ga ya yamutsa ta ya dafa ƙasa zai tashi. Mutum na farko ya biya, na biyu ya biya, har na bakwai. Ladan ya kira Isha'i. Malam ya rufe littafi, ya miƙe, ya gyara rawani, ya fuskanci alƙibla ya ce a daidaita sahu. Na yi sallar nan hawaye na zuba, ban kuma damu da wa ya gani ba.

Na riga shi komawa gida don in ba ta labari. Ashe ba ta buƙatar labarina. Ta nuna mini butar a inda take ajiye ta, a gindin bango, ta ce, "Likita, ɗauka ka ji." Na ɗauka. Cike take, yadda ta cika ta tun kafin Magariba.

Ba zan ce muku daga nan ciwo ya tafi ke nan ba. Kumburin ya dawo sau biyu a shekarun da suka biyo. Sau ɗaya sifro da ruwa zalla ya wadatar, sau ɗaya sai da aka hau matakin budesonayid ɗin nan na wata biyu. Ba a kai ga allura ba, ba a kai ga leda ba, kuma ko da an kai na san yanzu ba ƙarshen duniya ba ne, akwai masu rayuwa da ita lafiya. Malam yana nan yana jan sallarsa, gemu ya yi fari.

In na tuna abin nan, kunyar tana nan amma ta yi sanyi, abin da ya rage shi ne mamakin matar nan. Ni na karanta abu ɗaya a waya na ɗauka na gama sani. Ita ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma ta san mijinta, ta lura, ta rubuta, an ƙi jin ta sau biyu ba ta yi fushi ta daina ba, ta jira har ta samu wanda zai karanta. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce in raka shi asibiti don ina jin Turanci, nakan ce masa to, amma a taho da wadda take jinyar, a bar ta ta shiga ta yi magana. Takardar cikin kwali kuwa, ko ta maganin mura ce sai na warware ta na karanta.

Kwalayen suna nan a cikin akwatin littattafanta. Bara na roƙe ta ta koya mini ajami sosai, ta ce sai dai in zo da hantsi in zauna bayan matan unguwa, don ba ta da ajin likitoci. Na je. Abin da ta fara ba ni in karanta shi ne kwalin farko, layin farko, kuma na karanta shi da kaina ba tare da ta taya ni ba: Talata, buta goma sha uku.